Murhun da Ba Ya Huci

Ni Ɗanjuma Mai Gas, tukunyar gas ta taɓa fashewa da ni a kasuwa, ko asibiti ban kwana ba. Yau da hannuna na miƙa tukunyarmu ta ƙarshe, don an hana gas, kowa ya koma murhun sola.

Damuwata Tabawa ce, matata, da idonta ya tafi. Da hucin gas take gane wuta na ci. Murhun sola kuwa shiru yake, jiya ya ƙona mata tafin hannu.

"Maigida, ya kama?" in ji ta, tana lalube.

Na riƙe hannunta, na durƙusa gefen murhun, na fara huci da bakina.

Ta yi dariya. "Tsohon nan, rage wutar, miyata za ta ƙone."

Na rage.