Hannun da Duna Ya Yarda da Shi

"Na ce muku ya tsallake kogi tun shekaranjiya," in ji Baba Istifanus. "Ku bincika gonar in kuna so."

Matasan unguwar Kamazou sun cika masa gona da adduna da bindigogi. Ko shekara soja ba su yi da komawa bariki ba, ga Kaduna tana ci da wutar rikicin addini. Malam Ɗahiru suke nema, tsohon maharbin da ya ba Istifanus ɗan kare, Duna, yake kuma taya shi koya masa ɗauko tsuntsu.

Koyon ya ƙi ci. In an harbo makwarwa, sai Duna ya gudu da ita ya tattaune. Ɗahiru kan ce, "Bar dukansa. Ranar da ya yarda da hannu, da kansa zai kawo."

Suka duba bukka, suka leƙa rijiya, ba kowa. Har sun juya za su tafi, makwarwa ta tashi daga ciyawa. Ɗayansu ya ɗaga bindiga ya kakkaɓo ta.

Duna ya zabura ya ɗauko ta a hankali, ko gashi ɗaya bai fige ba. Istifanus ya durƙusa ya miƙa hannu. "Kawo, Duna. Kawo nan."

Karen ya wuce shi. Ya nufi tarin karan dawa a gefen gona, ya zauna da tsuntsu a baki, yana kaɗa jela, yana jiran hannun da zai fito ya karɓa.

Matasan suka juyo.