Rigar Kanada

Curin man shanu na farko da aka ɗora wa Tarsem a kan gurasar masara bai wuce ƙwan zabo ba. Rabon kowa ke nan. A gidajen abincinmu na Jalandhar, nan Indiya, da girman curin ake gane matsayin mutum, shi kuwa Tarsem ya rantse wa abokinsa Balkar cewa kafin su tashi sai an kawo masa wanda ya kai dunƙulen hannu.

Sayen rawani ya shigo da su gari. Ranar Lahadi za a kai shi gidan su Rupinder a gan shi. Bai taɓa haɗa ido da ita ba, amma ta yi dariya a waya ranar da ya kwaikwayi tarakta mai mura, kuma tun daga nan barcinsa ya ragu. Gwaggonsa ce ta haɗa abin. Shi ta ce masa uban yarinyar babban ɗan kasuwa ne. Su kuma ta kai musu lambarsa da hotonsa, wanda mai hoto ya goge, ya haskaka, ya miƙar da hanci, har mahaifiyarsa ta tambaya ɗan gidan wa ne.

"Kai da ka gudu daga makaranta don an ce ka yi karatu a gaban aji," in ji Balkar, "ranar Lahadi gumi zai cinye sabon rawanin nan."

"Kai dai ci abincinka ka yi kallo."

Tarsem, makaniken tarakta daga wani ƙauye bayan Nakodar, ya ciro rigar sanyin da ya aro wurin ɗan kawunsa, mai jan ganyen Kanada a ƙirji. Ya saka ta da tsakar rana, ya ɗora baƙin tabarau.

Ƙaramin wuri ne, tebura kaɗan, bangon yana warin sabon fenti. Mai gidan, dattijo mai farin gemu, shi ke kai kwanuka. Matarsa tana bakin tanderu. Daga bayan labule wani hannu ke miƙo miya.

Tarsem ya goge cokali da hankici. Ya nemi ruwan gora. Ya ɗanɗana miyar ganye ya yi tari, ya ce a can ba su saba da yaji haka ba.

Dattijon ya jawo kujera. "Can ina, ɗana?"

"Toronto, Baba. 'Yan manyan motoci ne nake ɗan juyawa."

Curi na biyu ya zo, ya kai ƙwan agwagwa. Kada a ga laifin tsohon. Mu ne fa muke gina tankin ruwa mai siffar jirgin sama a kan soro, ko da iyakar tafiyar mai gidan kasuwar shanu ce.

Wayar Tarsem ta yi ƙara a aljihu, ƙarar tashin tarakta, wadda ya ɗauka da kansa a garejinsa. Wani manomi ne injinsa ya mutu. Tarsem ya zuba masa duk Turancin da ya tsira da shi daga aji shida, har da sunayen ranakun mako, sannan ya kashe yana girgiza kai.

"Yarana ne. Ƙanƙara ta rufe hanya."

Ya tashi ya nuna musu yadda mota ke tari a cikin ƙanƙara. A bayan labule wata ta fashe da dariya, ta toshe baki. Tarsem bai waiwaya ba, idonsa na kan matar gidan, wadda ta baro tanderu ɗauke da curi na uku a tafin hannu. Dunƙulen hannu cif. Balkar ya sunkuyar da kai, an ci shi.

"Iyali fa, ɗana?" in ji ta. "Suna can?"

"Ina na ga lokaci, Inna."

Mata da miji suka dubi juna. Ta shiga ciki ta fito da tiren laddu, alawar da ta ce ta ajiye wa wasu baƙi ne, amma baƙo ya fi baƙo. Kafin Tarsem ya gane inda aka dosa, ta shimfiɗa masa jan mayafi a cinya, ta tura masa laddu guda a baki.

A wurinmu ba a buƙatar ƙarin bayani. An kama ka ke nan, ka zama surukin gida. Wanda ya tofar da laddun kuwa ya zagi dangi har kakanni.

Balkar ya ce bari ya duba babur ɗin da suka zo a kai.

Gumi ya jiƙe rigar aro. Tarsem yana taunawa yana tuna Rupinder. Jalandhar ba ta riƙe magana. Kafin Lahadi labari zai isa gidansu cewa an kama shi a wani gida, da sunan wata ƙasa da bai san ko gabas take ko yamma ba. Ya auna nisan ƙofa da ido.

"'Yarmu, Guddi muke ce mata a gida, ta iya girki, ka dai ci da bakinka," in ji dattijon. "Abu ɗaya ne. Akwai wani da muka yi wa alkawarin zama. Ita ta ɗan nace masa."

"Yarinta ce," in ji matar. "Za ta manta a jirgi."

"Sai in ga kamar gobe in kira shi," in ji dattijon.

Dabara ta faɗo wa Tarsem. In tsohon ya shagala da waya, taku kaɗan ne zuwa babur.

"Gobe, Baba? Kira shi yanzu. Irin waɗannan in ba a sallame su da wuri ba, sai su je su sayi sabon rawani."

Dattijon ya yi dariya har gemunsa na rawa. "Ka ji mutumin da ya ga duniya." Ya saka tabarau, ya lalubo lambar, ya danna, ya kara a kunne. Tarsem ya zame ƙafa ɗaya daga ƙarƙashin tebur.

A aljihun rigar Kanada, tarakta ta tashi.