Gasara Ɗaya, Tukunya Uku

Kai da kake gina manhajojin kwamfuta 'yan gida ɗaya, ka rasa abin da za ka zuba a tushen da suka yi tarayya a kai da wanda za ka bar wa kowace, ajiye wayar nan ka saurara.

Wata mai koko ce take dama abu uku a ƙofar gidanta: koko mai yaji na magina, kunun tsamiya na tsofaffi, da farin koko na yaran da aka yaye. Kowanne da jiƙonsa, da zuwansa inji, da tatarsa. Girma ya zo, baya ya fara ƙi, har 'ya'yanta suka ce ta haƙura da sana'ar. Ita kuwa a hannun uwarta ta gaje ta, ba ta ga ranar zama ta naɗe hannu ba. Wata safiya tana tata, ta dubi robobin tatarta uku, ta ga tun daga jiƙo har kwanciyar gasara babu abin da ya raba su. To wahalar ta mece ce? Ta haɗe geron wuri ɗaya, jiƙo ɗaya, niƙa ɗaya. Baya ya lafa.

Daɗi ya ja ta ta zarce. Tunda masu son yaji sun fi yawa, sai ta zuba citta da barkono tun wurin niƙa. Magina suka yaba. Washegari ga uwar wani yaro da kwano a hannu: "Iya, me ɗana ya yi miki? Kurɓa ɗaya ya yi, har yanzu ihu yake!" Tsofaffi kuwa ƙafa kawai suka ɗauke. Wata maƙwabciya ta ce mata ta koma niƙa uku, amma mai kokon ta san bayanta ba zai ɗauka ba. Sai ta kafa wa kanta doka: babu abin da zai shiga inji sai wanda duka ukun suka yi tarayya a kai, gero da ruwa. Yaji ta daka shi daban, tsamiya ta jiƙa a kwanonta. Sai an zo damu kowace tukunya ke karɓar nata. Uwar yaro ta dawo, tsofaffi suka dawo. Ranar da wata mai jego ta aiko neman kunun kanwa, tukunya ɗaya kawai ta ƙara a murhu.

Kai ma, abin da duka manhajojinka suka yi tarayya a kai shi kaɗai za ka zuba a tushe, ka bar wa kowace yajinta. Ba banza Hausawa suka ce ba: abincin wani, gubar wani.