Kwanon da Ba Komai a Ciki

Ina da shekara goma sha huɗu, wata Laraba da yamma ba lakkwal, wato makaranta, na rasa inda zan sa kaina. Na share tsakar gida sau biyu, na zauna, na tashi, na leƙa zaure. Samarin unguwarmu suna ta wucewa bakin tafki, hannu cikin aljihu, ba mai ce musu ina za ku. Hanyar tafkin kuwa ɗaya ce daga gidanmu, ta gaban majalisar tsofaffi ta bi, kuma ɗiya mace ba ta bin ta sai da aike.

Kakata tana tsinke ganyen zogale, tana kallona ta wutsiyar ido. Can ta ce, "Ke, ƙafafun nan naki sun hana ni sakat." Ta jawo kwano mai murfi, ta ɗaure shi da tsumma, ta miƙo mini. "Kai wa kawunki lambu."

Na ɗaga na ji sakayau. "Kaka, ai ba komai a ciki."

"Ki riƙe shi kamar da nauyi."

Haka na wuce tsofaffin, har ɗayansu ya sa mini albarka. Ban ko nufi lambun ba. Na yi ta bin gaɓar tafki, iska na kaɗa mini mayafi, har masunta suka fara jawo jiragensu.

Yau ina aiki a Maradi, ba mai tambayata ina za ni. Abin haushi, ko iska zan fita sha, sai in tsinci kaina a bakin ƙofa ina neman abin da zan riƙe.