Kwamfutar Tsohon Ma'aikacin Gidan Waya

Tunda ka ce abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gyara zama ka ji misalin wani dattijo da ya yi shekara talatin yana aiki a gidan waya kafin ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, autarsa Ramlatu kuwa ta bi mijinta ƙasar waje inda yake karatu. Da za ta tafi ta bar masa tsohuwar kwamfutarta, ta koya masa kiran bidiyo, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci su ga juna. Mutum ne mai tattali, har abin ya so ya yi yawa. Sai saura minti biyu zai kunna ta, suna yin sallama ya kashe, ya zare waya daga soket, ya lulluɓe ta da wani tsohon mayafin marigayiya. Ranar da aka yi masa albishir cewa Ramlatu ta sauka lafiya, an samu mace, kuma sunan kakarta, marigayiya matarsa, za a sa mata, ya yi kukan da rabonsa da shi tun ranar jana'iza. Aka ce ranar suna shi zai yi wa jaririya addu'a ta bidiyo, jama'a na saurare. Don murna sai ya amsa saƙon nan da ya daɗe yana fitowa, mai cewa a sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Shi a ganinsa ai kamar shafe gida ne kafin biki, saboda haka duk abin da ta tambaye shi ya danna mata eh.

Tun daga ranar intanet ɗinsa ya koma tafiyar hawainiya. In ya kira, fuskar 'yarsa ta daskare baki buɗe, murya ta riƙa zuwa guntu-guntu, jaririyar kuwa bai ga komai nata ba sai wani dishi-dishi a cikin zane. Ya ɗora wa kamfanin layi laifi, ya canza layi. Ya ɗauki ɗan akwatin intanet ya aza a taga, ya mai da shi bisa katanga, duk a banza. Da kwamfutar ta soma nawa sai ya kashe ta da sauri, ya lulluɓe, wai ta huta. Tsoro ya shige shi ƙwarai: kada ranar suna a ce kaka ya yi addu'a, ɗaki ya yi tsit, a ji shiru.

Saura kwana biyu ya naɗe ta a mayafin, ya haɗa da akwatin, ya kai wa maƙwabciyarsa, wata malama mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata. Ita ba ta yi garaje ba. Ta fara haɗa wayarta da akwatin nasa, ta ga intanet na gudu lafiya lau, ashe layi bai ci ba bai sha ba. Sannan ta buɗe inda kwamfuta ke nuna abin da ke cin intanet, ta juyo masa da ita. Sabuwar manhajar ba ta gama sauko da sauran kayanta ba, ga kuma dubban hotuna da ya amince, ba tare da ya sani ba, a kwashe su zuwa ma'ajiyar intanet. Duk suna layi, kuma ba su da lokacin motsawa sai 'yan mintocin nan da yake kiran 'yarsa.

"Baba, ai ka fi ni sanin wannan," in ji ta. "In jakunkunan wasiƙa sun taru, kai kuma kana buɗe ofis minti goma ka rufe, yaushe wasiƙar yau za ta samu hanya? Ko dai in tsayar da hotunan, ko ka bar ta a kunne ta ƙarasa aikinta."

Ya matso yana duba ƙananan hotunan da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ce. Ga ta tana tankaɗe a tsakar gida, ga ta tana kare fuska da hannu don kada a ɗauke ta, dariya ta ci ƙarfinta. Ramlatu ce ta yi ta ɗaukarta a ɓoye, shi bai ma san suna ciki ba. Sai ya ce, "Kada ki tsayar, 'yata. A bar su su isa."

Aka bar ta a kunne a gidan malama, inda akwai wutar sola. Tsoho ya wuni a zauren gidan nata yana jan carbi, hannunsa na ƙaiƙayin kashe soket, yana danne zuciyarsa. Washegari da la'asar layin hotuna da sauran kayan ya ƙare. Ranar suna da ya kira, fuskar Ramlatu ta fito tar, ta ɗago masa jaririya har yana ganin siraran gashin girarta, da ɗan lotsawar haɓa irin ta mai sunan. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a tun daga farko har shafa fatiha, ba abin da ya tsinke sai muryarsa shi kansa.

To ka gani, duk kashewar da yake yi don ta yi maza, ita ce ke tsare ta a hanya. Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.