Koren Awarwaro

Tun da aka kafa dokar awarwaro, ƙofar ɗakin tiyata ba ta buɗe wa mai ciwon suga sai awarwaron hannunsa mai auna sugan jini ya kwana uku yana kore. Na Malam Sabitu kuwa ja wur yake, ga kumburin haƙori ya cinye muƙamuƙi har ya gangaro wuya, ko ruwa da ƙyar yake haɗiya.

Shi ya sa matarsa Larai, da ba ta da suga, ta zare abin ta sa a hannunta, ta rufe da mayafi. Kwana uku yana kore shar. Yau da safe ta mayar masa a bakin asibiti, kafin launin ya juya ƙofa ta buɗe, aka tura gadonsa ciki.

Tana zaune tana jan carbi, nas ta zo da murmushi.

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Na'urar da ke karanta awarwaro ta ce jininsa kamar na saurayi. Tunda ba ya iya cin abinci, ta ɗaura masa ruwan suga, leda biyu."

Larai ta miƙe zumbur, carbin ya faɗi.

"'Yar nan, don Allah buɗe ƙofar nan."

"Ai ba ta buɗuwa sai an gama, Mama."