Maƙogwaron da Ya Sake Tsirowa

Sai da nas ta kira sunan sau uku kafin mutumin ya zabura ya miƙe.

Duk wata uku yake zuwa. A fesa masa magani a hanci, a zura siririyar roba mai kyamara har maƙogwaro, a duba ko ciwon dajin da aka yanke shekara biyu baya ya dawo. In an kama shi da wuri, da sauran magana. In an makara, sai addu'a. Bawan Allah bai taɓa fashi ba. Hawaye na zuba, yana ta "na gode".

Likitocin baya kullum sauyawa suke, kuma a gurguje: su leƙa, su rubuta lafiya lau, su kira na gaba. Ta yau kuwa mai karanta fayil ce daga bango zuwa bango.

Ta dubi allo, ta dubi takarda, ta goge tabarau. Takarda ta ce an cire tsokar murya ta hagu ɗungurungum. Ga tsoka kuma a allo, sumul, tana motsi abinta.

"Ce iii," in ji likita.

"Iii."

Kafin ka ce kwabo ɗaki ya cika. Babban likita ya shigo da kofin shayi a hannu. Wani ya ce a buga a mujalla, wata ta ce ikon Allah ba a mujalla yake ba. Har mai shara ta ajiye tsintsiya ta roƙi ya yi mata addu'ar ciwon gwiwa. Duk wannan bidiri robar na hancinsa, an manta da ita.

"Shekara sittin da takwas, ko furfura babu!" in ji nas. Ya sunkuyar da kai kamar ya nutse don kunya.

Babban likita ya dafa kafaɗarsa. "Ka warke. Huta abinka, sai baɗi."

Ya fito, tsoro fal ransa. Ya so ya yi magana a ciki, wallahi ya so. Amma wa zai tona asirin uban matarsa?

A kujerar bayan mota, surukin nasa mai tsoron roba ya ɗago, da muryar da kullum ƙara dushewa take: "To, ɗana, yau me suka gani a maƙogwarona?"